Mayafin Da Aka Shimfiɗa a Washington

Duk shekara idan damina ta ja jiki, sanyin asuba ya fara leƙowa, sai in ji wani ƙamshi da ba na garin nan ba yana dawo mini: busasshen ganye da ya sha raɓa, haɗe da tururin kofi a kofin takarda. Ƙamshin Washington ke nan a watan Oktoba. Waɗanda muka yi zaman karatu a Amurka a wancan zamani ba sai na yi musu dogon bayani ba. Lokacin ne naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, ɗalibi ya karɓi alawus ya sayi kwat da takalmi har ya aika wa gyatuma tsaraba. Da abubuwa suka juya, da yawanmu muka kama tuƙin tasi. Tasin birnin kuwa ba ta da mita a lokacin, taswira ce manne a bayan kujera, an yanka gari shiyya-shiyya, kai da fasinja ku yi ta lissafin iyakoki nawa kuka tsallaka kamar masu rabon gona.

Direban tasi a Washington ba ya rasa ganin maci. Akwai wani dogon fili mai ciyawa da ya miƙe daga ginin majalisa zuwa hasumiyar tunawa da George Washington har ya wuce, kuma duk wanda ke da kuka a ƙasar nan yake kawo shi. Manoma sun zo da taraktocinsu, ma'aikata sun zo, mata sun zo. A ranar 7 ga Oktoban 1979 Paparoma John Paul na biyu ya yi taron ibada a wurin. Mako guda bayan haka, ranar Lahadi 14 ga wata, makonni biyu da rantsar da Shehu Shagari a gida, sai ga wani taron da ban taɓa ganin irinsa ba.

Ban fara tuƙi ba tukuna, na fito ne daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda shekararsa uku kacal da buɗewa, kujerunsa na ƙamshin sabunta. Sai na tarar da titi ya cika da mutane riƙe da kwalaye da aka rubuta da hannu, kowace tawaga da sunan jiharta. Na tambayi wani mai sayar da gugguru, ya ce masu neman jinsi ɗaya ne, maza da mata, suka zo daga ko'ina a ƙasar. Shi ne macinsu na farko na ƙasa baki ɗaya. Shekara goma ke nan da tarzomar mashayar Stonewall a New York, kuma ko shekara ba a yi ba da harbe Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Francisco, wanda ya yi ta kira da a zo Washington. An ƙiyasta mutanen da suka zo tsakanin 75,000 da 125,000. Abin da suke nema a fili yake: kada a kore su daga aikin gwamnati, kada kotu ta ƙwace wa uwa 'ya'yanta, a soke dokokin da ake ɗaure su da su. Na tsaya na kalla na ɗan lokaci, na lura wasu sun toshe fuska da baƙin tabarau da hula don kada hotonsu ya kai ga mai gidansu a wurin aiki. Daga nan na wuce harkar gabana, ban ɗauka abin zai taɓa shigowa gidan da nake kwana ba.

Gidan na wata dattijuwa ce baƙar fata, mai yawan zuwa coci, wadda nake haya a ɗakinta na sama. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce "ɗana". Da ta gane ba na cin naman alade sai ta ware mini tukunya guda, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a yi kuskure. Da azumi takan ajiye mini burodin masara a kan murhu, ta rufe da tawul. Tana da ɗa guda ɗaya, malamin kiɗa a makarantar firamare, dogo mai yawan dariya. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko, shi ya koya mini yadda ake taka birki a kan ƙanƙara ba tare da mota ta yi rawa ba. Yakan zo cin abincin Lahadi tare da wani abokinsa, kuma Mama kan zuba wa abokin fiye da kowa. Ba wanda ya faɗa mini komai, ni ma ban tambaya ba. Abin da aka karantar da ni a zaure yana nan a zuciyata, ban kuma taɓa ɓoye shi ba. Amma haƙƙin maƙwabci ma a zauren aka koya mini, kuma wannan bawan Allah bai taɓa yi mini sai alheri ba.

A 1986 ya fara rama. Tari, zazzaɓi, wasu baƙaƙen tabo a wuya. Ƙanjamau ce, cutar da daga baya a gida aka riƙa yi wa laƙabi da kabari salamu alaikum. Tsoro ya kama mutane har ana gudun kofin da mai cutar ya sha ruwa. Wasu direbobin ba sa tsayawa idan suka ga ramammen saurayi a ƙofar asibiti, don haka ni nake kai shi ina dawo da shi. Maganin farko, AZT, sai a watan Maris na 1987 aka amince da shi, kuɗinsa kusan dala 10,000 a shekara. Bai kai ga shan sa ba.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni Mama ta ji labarin wani mutum a San Francisco, Cleve Jones, yana tara ƙyallaye, kowane ƙyalle da sunan mamaci ɗaya, za a haɗa su a yi wani gagarumin mayafi. Awon kowane ɗaya ƙafa uku a faɗi, ƙafa shida a tsawo, wato awon kabari. Ta fito da tsohon kekenta na ɗinki, irin mai feda ɗin nan da telolin kasuwarmu ke ji da shi. Idonta ya yi rauni, ni nake zura mata zare a allura. Mahaifina maɗinkin hula ne, don haka hannuna ya san aiki, ni na kalmashe gefen. Ta yanka rigarsa ta zuwa coci ta fitar da haruffan sunansa, ta ɗinka 'yar ƙaramar sarewar da yake koya wa yara da ita a kusurwa. Ɗakin yana ƙamshin man keke da sitaci. Ba ta yi kuka ba sai da muka kai ƙunshin gidan waya, ma'aikacin ya ɗora shi a sikeli ya faɗi kuɗinsa.

Ranar Lahadi 11 ga Oktoban 1987 muka fita zuwa dogon filin nan mai ciyawa tun duhu bai washe ba. Sanyi na ratsa tafin ƙafa. Wasu mutane sanye da fararen kaya suka riƙa ɗaga naɗaɗɗen mayafin, su juya a hankali, su shimfiɗa shi a kan ciyawa, wani kuma yana karanta sunaye ta lasifika, ɗaya bayan ɗaya. Ƙyalle 1,920 ne, faɗinsu ya fi filin ƙwallo. Na sha zuwa filin nan, ban taɓa jin sa shiru haka ba. Ban da sunayen, sai ƙarar takalma da jan hanci. An bar 'yan hanyoyi a tsakani, mutane na tafiya a sunkuye kamar masu neman kabarin ɗan'uwa a maƙabarta. Wani an ɗinka masa wandon jins, wani 'yar tsanar yarinta, wani suna kawai aka sa ba na uba, don dangi ba sa so a sani. Da muka gano namu, Mama ta durƙusa ta share wani ɗan ganye da ya faɗo a kai, ta gyara kusurwar da ta lanƙwashe, kamar tana gyara masa shimfiɗa. Wata baturiya da ba mu taɓa gani ba ta durƙusa kusa da ita, suka riƙe hannun juna, ba wadda ta tambayi sunan 'yar'uwarta.

Da rana ta ɗaga sai wani macin masu neman jinsi ɗaya ya taso, ya bi ta gaban Fadar White House. Masu cutar ne a sahun gaba, da yawa a keken guragu, an lulluɓe musu gwiwa da bargo. Jesse Jackson ya yi jawabi, haka Cesar Chavez, jagoran ma'aikatan gona. Fushi ya yi yawa a wannan karon, domin sai a watan Mayun shekarar Shugaba Reagan ya yi cikakken jawabinsa na farko kan cutar, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce jihohi na da ikon hukunta tarayyar jinsi ɗaya ko da a cikin ɗakin mutum ne. Kwana biyu bayan macin aka kama mutane wajen 600 a matakalar kotun. Dattawan unguwarmu kuma suna ta ambaton Bayard Rustin, wanda ya tsara babban macin baƙar fata na 1963 inda Martin Luther King ya yi jawabinsa, shi ma ɗaya daga cikin mutanen nan ne, ya rasu a watan Agusta, bai ga wannan rana ba.

Macin 25 ga Afrilun 1993 ya fi kama da biki. Bill Clinton bai daɗe da hawa mulki ba, ana ta muhawara kan shigar masu neman jinsi ɗaya aikin soja. Daga tashar jirgin ƙasa ta Union zuwa shataletalen Dupont na yi sawu ya fi a ƙirga, baƙin tabarau kuma sun ragu ƙwarai. Hukumar kula da filin ta ce mutum 300,000 ne, masu shirya taron suka ce miliyan. Kowane maci da irin wannan gardamar, har bayan macin baƙar fata na 1995 majalisa ta hana hukumar ƙirge. A wannan shekarar ne na ɗauki wasu masu sauya jinsi su uku, suna ta ƙorafin cewa an saka buƙatunsu a takarda amma an ƙi saka sunansu a sunan taron. Ɗayarsu ta ce tun daga Stonewall suke shan kulki tare da kowa. Ta ba ni tukuicin dala biyar, ta ce in sayi shayi.

Na 2000 da na 2009 a gida suka same ni, a rediyo na ji su. An ce na 2009 matasa ne suka haɗa shi ta intanet cikin 'yan watanni. Na tuna yadda aka haɗa na farkon, da wasiƙa da tambarin gidan waya, da wayar kan titi da ake jefa wa sulalla, da motocin safa da suka kwana biyu a hanya. Dokoki sun sauya can, kotun da ta yanke hukuncin 1986 ta warware shi a 2003. Magunguna masu ƙarfi sun fito a 1996, shekarar da aka shimfiɗa mayafin gaba ɗayansa a filin a karo na ƙarshe, don ya yi girman da ba a sake iya baje shi duka a wurin ba.

Mama ta riga mu gidan gaskiya tun kafin in tattaro in dawo. Rigar sanyin da ɗanta ya ba ni tana cikin akwati, ba ta da amfani a zafin nan namu, amma ban iya bayar da ita ba. Mayafin yanzu yana ajiye a yankin San Francisco, ƙyalle kusan 50,000, nauyinsa tan 54. A cikinsu akwai guda mai ruwan toka, da 'yar sarewa a kusurwa, gefensa kuma da irin kalmasar da ake yi wa hula a Zariya.