Minti goma sha biyar na masu talla



Daren 11 ga Fabrairu 2024 fadarmu ta cika maƙil, har da waɗanda ba ruwansu da balo. Wasan ƙarshe ne na kofin Afirka a Abijan, Najeriya da Kodebuwa. Aka tafi hutun rabin lokaci Najeriya na gaba da ci ɗaya. Ba wanda ya motsa, kowa na tsoron a gaje masa benci. Mai shayi ya ɗora na biyu, muka zuba wa tele ido. Mu a ganinmu hutu ne. Masu talla kuwa sun san abin da suka saya da kuɗinsu: mutum zaune, zuciya da zafi, ba inda za shi.

Ku lura da yadda suke shigowa. Ba sa farawa da farashi, da dariya suke farawa. Ga baƙauye ya riƙe waya a juye yana ihu. Ga maigida yana santin miya har hula ta faɗi. Sai mun gama ƙyaƙyatawa sunan kaya ya fito, da ƴar waƙa gajera wadda gobe yara za su tafi lakwal da ita a baki. Wanda ya sa ka dariya, ai da wuya ka tsaya yi masa tambaya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Mai tallar magani a kasuwa da barkwanci yake tara jama'a kafin ya buɗe jaka. A filin kokowa ma, lokacin gasar takobi, kirari da raha ne ke sa mutum ya zura hannu aljihu ya yi kari. Bambancin dai, mai magani muna ganin idonsa, in ya cuce mu mun san inda yake shimfiɗa tabarma ran kasuwa. Na cikin tele ba ya da rumfa.

Dabara ta biyu, aron fuska. A kawo ɗan wasan da muke so ya riƙe kwalba yana murmushi, sai son da muke yi masa ya zube kan kwalbar. Ta uku, maimaici: allunan gefen fili suna juya suna ɗaya minti casa'in, har sunan gasar ma da sunan kamfani a manne. Ta huɗu, gaggawa: yau kawai, garaɓasa, kada a bar ka baya. Sharuɗɗan kuwa suna can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, cikin Faransanci, kafin ka karanta sun wuce.

In maganar sabulu ce ko ɗanɗanon miya, da sauƙi, asarar ba ta wuce dala ashirin. Inda abin ke ci mana rai shi ne tallar caca. Kullum wanda ya ci ake nunawa, yana rawa, abokai na ɗaga shi sama. Ba mu taɓa ganin an nuna wanda aka cinye ba.

Mu kam mun gan shi, a bencinmu yake zaune. Ƙanenmu ne, ɗan kabu-kabu. A cikin hutun nan, muna tsakiyar dariya, ya sunkuya kan waya ya zuba jikka biyar cewa Najeriya za ta ɗauki kofi. Kuɗin mai moto ne, da safe zai kai. Aka dawo, Kessie ya rama, Haller ya ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. Kowa na gardamar wasa, shi ko uffan. Washegari sai da muka yi karo-karo kafin a bar masa moton.

Ba mu ce a daina dariya ba, wallahi wasu tallan sun fi wasan daɗi. Amma tun daga ranar muka kafa wata al'ada a fada. In talla ta wuce muka yi dariya, sai dattijonmu ya ce: «To, samari, nawa ne kuɗin wannan dariyar, kuma wa zai biya?» Wani lokaci amsar dala ashirin ce. Wani lokaci kowa sai ya yi shiru, ya dubi ƙanen nan namu, shi kuma ya maida waya aljihu.

Ku fa, a fadarku, wa ke yi muku wannan tambaya?