Da Muka Fasa Zuwa Abuja

Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana. Ni na ɗauki nawa tun cikin azumin 2023, ranar da na bugi ƙirji a gaban uwargida da yara uku na ce in Allah ya kai mu Babbar Sallah, Abuja za mu yawon buɗe ido. Ba komai ya ja ni ba sai 'yata ta fari, wadda duk bayan hutu sai ta dawo daga makaranta da labarin ƙawayenta: wannan an kai ta Abuja, waccan ta shiga jirgin ruwa a tafkin Jabi, wata ma har Dubai. Ni kuwa malamin makaranta ne a birnin Kano, ina ɗan taɓa rubutun littattafan soyayya a gefe, don haka ba sai na gaya wa mai karatu nauyin aljihuna ba. Amma na shiga adashi, na yi lissafin mai da masauki na kwana uku, na ga da dabara za a iya.

Saura wata guda Sallah, ranar 29 ga Mayu, aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Komai ya bi bayanta, har ragon layya. Na sake lissafi sau uku, ya ƙi fita.

Uwargida ce ta ce, "Malam, gara ka gaya musu tun yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na tara su na yi bayani. Ƙananan biyu suka yi ɗan kukansu suka manta. Ita kuwa babbar sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Abba, Allah ya hore." Wallahi da kuka ta yi da ya fi mani sauƙi.

Aka yi Sallah ranar Laraba. Alhamis muka kama hanyar Zariya zuwa ƙauyenmu a ƙasar Bebeji, kamar yadda muka saba kowace shekara. A wurin yara wannan ba tafiya ba ce, gaisuwa ce: a durƙusa, a ci nama, a kwana, a dawo.

A zaure muka tarar da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwarsa. Yana ganin fuskar jikarsa ya ce, "A'a, amarya, wa ya taɓa min ke? Ko kishiya aka ce na yi maki?" Autanmu da ba ya riƙe magana ya kwashe labari kaf ya zazzage masa, har da tafkin da aka ce za a nuna masu. Baffa ya yi dariya har da tari, sannan ya dube ni.

"Kai yanzu ruwa za ka kai su gani a Abuja? Jibi ka zuba ɗan mai a motar nan taka. Ni zan yi maku jagora."

A nan ya kamata in tona wa kaina asiri. Tsakanin gidan da aka haife ni da madatsar ruwa ta Tiga bai fi tafiyar rabin sa'a a mota ba, amma rabona da wurin tun ina firamare, da malamai suka kai mu a bayan akori-kura. Alhali a wani littafina na ɗauki ango da amarya na kai su wani gidan abinci a bakin teku, na bayyana iska da fitilu da kujeru, ni da ban taɓa ganin teku ba sai a fim ɗin Indiya. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu marubuta, da zarar taurarinmu sun yi kuɗi sai mu yanka masu tikiti, kamar dai jin daɗi ba ya samuwa sai an bar gida.

Ranar Juma'a muka yi salla a cikin garin Bebeji. A hanyar dawowa Baffa ya fara darasi. Ya ce wa yara garin nan da suke gani tsohon zangon fatake ne, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, mutumin da kafin rasuwarsa a 1955 ake lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Ni ma na tuna na taɓa karanta cewa tsohon masallacin garin yana cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma ban taɓa gaya wa yarana ba.

Da muka koma gida aka soma yayyafi, muka fake a zaure. A nan 'yata ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, me ya riƙe rufin nan? Ban ga ginshiƙi ba." Baffa ya miƙe da sandarsa yana nuna mata yadda magina suka jera azara suka lanƙwasa ta da ƙasa ta zama bakan gizo, ƙafa huɗu suka haɗu a tsakiya, aka kafa tasa a mahaɗarsu. Ya fitar da ita cikin yayyafin ya nuna mata dagin da aka zana a saman ƙofa, da makubar da aka shafe bangon da ita don kada ruwa ya ci shi. Shekara arba'in da wani abu ina shiga zauren nan ina fita, ban taɓa ɗaga kai na yi wannan tambaya ba.

Asabar da hantsi muka tashi. Da muka zo Bagauda, Baffa ya nuna mana inda otal ɗin bakin tafki yake a da, wurin da manyan Kano suke zuwa hutu, wanda daga baya aka mai da shi reshen makarantar horar da lauyoyi. Muka ci gaba. Damina ta kankama, gero da dawa sun rufe ƙasa, duwatsu sun yi baƙi sun sha ruwa. Can sai ga otal ɗin Rock Castle a kan dutse, sai kuma ga ruwa.

Motar ta yi tsit. Auta ne ya fara magana: "Abba, teku ne?"

Ba teku ba ne, Kogin Kano ne aka tare. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Bangon ya kai kimanin kilomita 6, ruwan kuma in ya cika yana shafe fili kusan murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakin sa ta babbar magudana zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Wato tumatirin da uwargida take saye a Kano da rani, da shinkafar da muke ci, da yawansu wannan ruwan suka sha. Mun daɗe muna cin Tiga, ganin ta ne ba mu yi ba.

Muka gangara inda masunta suke fitowa. Wasu na jan kwalekwale, wani dattijo na zaune yana ɗinke raga, wani saurayi ya tsaya cikin ruwa iya cinya ya wurga birgi ya buɗe kamar faifai kafin ya faɗa. A gefe mata sun ɗora kasko, ana suyar karfasa da tarwaɗa. Jama'a, duk wanda ya kwana uku yana cin naman layya ya san yadda rai ke neman canji. Muka zaɓi kifin da kanmu yana motsi, aka gyara a gabanmu, aka soya, aka barbaɗe da yaji da albasa. Uwargida ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ta fito da gurasar da muka taho da ita. Ba cokali, ba mai kawo takardar kuɗi, sai iska mai sanyi da shaho yana shawagi a sama. Ban taɓa rubuta cin abinci mai daɗin wannan ba, don ban taɓa sanin sa ba.

Yara suka ce sai sun shiga kwalekwale. Ni har na fara ciniki, uwargida ta ce atafau. Ta tuna mana jirgin da ya kife a Bagwai a watan Nuwamba na 2021, wanda ya ci rayuka da dama, akasari yara 'yan Islamiyya. Ta ce in ba rigar kariya, ba ɗanta da zai taka. Baffa ya ce gaskiyarta. Aka yi fushi na ɗan lokaci, kifi ya shiga tsakani.

Bayan mun yi azahar ne na lura Baffa ya ware, ya zauna a kan wani falalen dutse yana kallon ruwa. 'Yata ta bi shi, ni ma na bi bayanta.

"Amarya," in ji shi, "kin ga wancan dutsen mai kama da tulu? Ki bi shi da ido zuwa dama, inda ruwan ya yi duhu. To nan gonarmu take. Akwai tsamiya a bakinta. Gaba kaɗan gidanmu, bayan gidan kuma kabarin tsohuwarmu, wadda ta haifi kakanki da ni."

Yarinyar ta ce, "A cikin ruwan, Kaka?"

"A cikin ruwan."

Na san an tashi ƙauyuka da dubban mutane lokacin da aka tare kogin, na kuma san danginmu na ciki. Amma a matsayin labari na san shi, irin wanda ake ji a wuce. Ban taɓa tambayar ina ne ba. Baffa ya ba ta labarin yadda suka kwashe azara da ƙyauren ƙofa a kan jakuna, ya ce azarar zauren da ta yi tambaya a kai jiya daga can aka ɗauko ta. Ya ce damina ta farko sukan zo su tsaya a nan suna kallon kan tsamiyar yana raguwa, har ranar da ba su gan shi ba.

Ta ce, "Ba ka jin haushin ruwan?"

Ya ɗan yi shiru. "Da na ji. Amma 'ya'yana biyu da noman rani suka yi aure, suka yi gida. Ruwan ya ci, ruwan ya bayar. Abin da nake tsoro ɗaya ne, in mutu ba wanda ya san inda tsamiyar take."

Maganar nan ta tsaya mani a ƙirji. Da Abuja muka je, da mun ga ruwa mun ɗauki hoto mun dawo. Ita ma Abujar a kan gonakin Gwari aka gina ta, amma wa zai zaunar da mu ya nuna mana inda tasu tsamiyar take? Yawon kusa da gida yana da abin da na nesa ba shi da shi: akwai mai ba ka labarin wurin, kuma labarin naka ne.

Lahadi muka ƙarasa ɗan man da ya rage. Muka bi ta Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, muka miƙa Tudun Wada. Ko'ina shinkafa, kore shar har iyakar gani. Muka tsaya wurin wata Bafillatana ta dama mana fura da nonon damina mai kauri, yara suka sayi kaɗanya, wadda ba su taɓa ci ba, suka ɓata riguna. Uwargida ta yi cinikin faifai uku masu launi da ƙwarya mai zanen wuta, ta ce a falo za ta rataye su.

A Tudun Wada muka tsaya. Gaba dajin Falgore ne, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano domin ta cikinsa kogin ya ratso, bayansa kuma ƙasar Doguwa, da duwatsun Riruwai inda ake haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa, da ruwan Zainabi mai zubowa daga kan dutse. Baffa ya ce a zamaninsu direba kan tsaya a dajin don birai su gama tsallaka titi. Amma a wajajen 2015 da 2016 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sa sunan dajin ya zama abin tsoro, har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki a 2017. Da mata da yara a mota, ban ga dalilin gwada sa'a ba. Muka juyo kafin la'asar. Na faɗi wannan ne don kada a ce na yi wa gida kwalliyar ƙarya. Akwai wuraren da har yau ba a zuwa sai an tambayi mutanen gari, akwai rashin wurin zama da na kewayawa a bakin ruwa, akwai leda a warwatse. Sai dai na lura wurin da masu shi ba sa zuwa, ba mai gyara masu shi.

Daren ƙarshe aka yi farin wata, 'yan matan unguwa suka fito dandali suna gaɗa. 'Yata da ta zo tana kumbure-kumbure, da ita aka tashi, tana koyon tafi tana kuskurewa ana yi mata dariya. A hanyar komawa Kano ta ce, "Abba, me ya sa a littafinka ba ka taɓa kai kowa Tiga ba?" Ban da amsa. Na dai ce mata na gaba.

Har yau ban cika alkawarin Abuja ba, kuma ban ce na fasa ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma tun daga wannan shekara, duk Sallah sai mun gangara bakin ruwa, kuma na fara wani labari da tauraruwarsa 'yar masunta ce. Ga 'yan'uwana marubuta da masu karatu, shawarata ita ce kowa ya tambayi tsohon gidansu abin da ke bayan garinsu tun yana da mai amsawa. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Idon Baffa ya yi rauni yanzu, ba ya hango dutsen nan mai kama da tulu. Zuwanmu na ƙarshe, jikarsa ce ta kama hannunsa ta ɗaga, ta bi da shi zuwa dama, ta tsayar.

"Nan ne, Kaka?"

Ya ce, "Nan ne, amarya."

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma ya jiƙan su, amin.