Matar da ƙafafunta suka ƙi tashi

A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a gonaki da yawa. Shekarar da ta biyo, 2005, yunwa ta shiga jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Buhun hatsi ya wuce jikka 20 a kasuwa.

A wani ƙauye na jihar Maraɗi akwai wata mata mai ɗiya huɗu. Mijinta ya tafi biɗa Legas tun shekara biyu da suka wuce. Ba aike, ba wasiƙa. Ya bar ta da tsohuwarsa, da rumbu wanda ya ƙare tun kafin bazara. Ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke neman icce, ita ke yi wa masu hali surfe su ba ta dusa. Da dare tana ƙidayar bakunan da za ta ciyar gobe, barci ba ya zuwa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Mace mai kunya ba ta kai ƙarar miji wurin uwarsa.

Wata safiya ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu suka ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta faɗi. Babu zazzaɓi, babu rauni, babu kumburi.

Nan da nan gida ya cika. Waɗansu suka ce Doguwa ce ta taɓa ta a gindin tsamiya. Waɗansu suka ce sammu ne. Uwar mijin ta ce a ɓoye lalaci ne kawai. Aka sayar da akuya guda aka kai wa boka, aka yi turare, aka sha rubutu. Ƙafafu ba su motsa ba.

Amma ga abin da ya canza. Tun ranar da ta kwanta, ba wanda ya sake miƙa mata taɓarya. Uwarta ta taso daga garinsu da ƴar tsaba a ƙullin zane. Maƙwabta da ba su taɓa tambayar yadda take kwana ba suka riƙa aiko da fura. Abin da bakinta ya kasa roƙo shekara biyu, ƙafafunta sun samo mata shi cikin kwana uku.

Bayan wata ɗaya aka ɗora ta a amalanken jaki zuwa gidan likita. Likita ya duba idonta don ya ga ko jini ya ragu. Ya auna zafin jiki da hawan jini. Ya buga mata ɗan guduma a gwiwa, ƙafa ta harba kamar ta mai lafiya. Ya lura kuma in hankalinta ya tafi wurin jaririnta, ƙafar tana motsi ba ta sani ba. Sai ya fitar da kowa, ya zauna, ya ce: "Baiwar Allah, yaushe rabonki da barci?" Ta yi shiru. Ya ce: "Ina maigidan?" Sai kuka. Ta daɗe tana yi, bai hana ta ba.

Likitoci sun san wannan irin ciwo, kuma ba a Nijar kaɗai ake ganinsa ba. Tunani da jiki igiya ɗaya ta ɗaure su. Manomin da ya taka maciji a gona, zuciyarsa tana bugawa da sauri, bakinsa ya bushe, gwiwarsa ta yi sanyi, ko da macijin bai sare shi ba. In ya tsira, jiki ya koma daidai. To wanda damuwarsa ba ta wucewa fa? Jikinsa kullum yana tsaye kamar mai ganin maciji. Wani ya samu ciwon kai, wani zafin ciki, wani nauyin ƙirji. Wata ta riƙa suma, wata muryarta ta ɗauke, wata ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Jijiyoyin lafiya lau suke, saƙo ne daga ƙwaƙwalwa ba ya isa yadda ya kamata. Wannan ba shan inna ba ne, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ya fi kama yara ƙanana.

Uwar mijin ta yi kuskure. Mai lalaci ya san abin da yake yi, in wuta ta kama ɗaki zai riga kowa fita. Wannan mata ba ta shirya komai ba, ita kanta ta fi kowa tsorata. Ba hauka ba ne kuma. Kuma kada wani ya ga mara lafiya ya yanke da kansa cewa tunani ne. Sai likita ya duba tukuna, don zazzaɓin sauro da ƙarancin jini da hawan jini su ma suna kayar da mutum.

Maza ma ba su tsira ba. Magidanci mai bashi a wuya ba ya kuka, sai ya ce ciki ke damunsa. Ya tafi wurin ƴan tebur ya sayi ƙwaya, wani har tramol. Bashi yana nan, ga kuma sabon ciwo.

Likitan bai yi mata allura ba. Ya kira uwar mijin ya ce: "Iya, ciwon ɗiyarki gaskiya ne, kuma tana iya warkewa. Amma kayan da ke kanta sun fi ƙarfin mutum ɗaya." Tsohuwa ta ce: "Ɗan nan, mu ma haka muka yi zaman aure." Ya ce: "Na sani, Iya. Wa zai ja ruwa in ta koma?" Ya hana a bar ta kwance wuni guda. Ya ce kullum mutum biyu su kama ta, ta taka daga ɗaki zuwa bakin zaure, gobe a ƙara.

Wani ƙanen mijin da ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta wasiƙa. Aka ba wani mai tafiya kudu. Mijin ya zo ana tsakiyar noma, da kuɗi kaɗan da kunya mai yawa. Ashe aiki ne bai samu ba, shi ya sa ya yi shiru. Ya karɓi gona. Matar ƙanensa ta karɓi rijiya. Kafin a fara cin tumu, matar tana zuwa bayan gida da sanda. Da kaka ta ajiye sandar.

Ciwon ya yi mata rana, amma ba kyauta ya yi ba. Akuya ta tafi. Babbar ɗiyarta mai shekara 9, wadda aka cire daga lakwal don ta yi daka lokacin da uwar ke kwance, ba ta sake komawa ba.

Bayan shekara uku mijin ya sake ɗaura kaya zai tafi. Da dare matar ta ce masa ƙafafunta sun fara nauyi. Ya zauna bakin gado ya tambaye ta abin da ke ranta. Ta ce ya auna hatsin da zai bar musu a gabanta, ya kuma faɗi watan da zai dawo a gaban ƙanensa. Da safe ya hau rumbu, ita tana ƙasa tana ƙidayar damma.