Gurbin da Babu Sunan Baffa a Cikinsa

Baffana ya haura shekara arba'in yana harkar fata a Kano, kuma tun da yake bai taɓa karɓar albashi a hannun wani ba. Fatun awaki da na tumaki yake saye, daga kasuwannin ƙauye har Sakkwato da Maraɗi, a zuba musu gishiri, a tantance, ya kai wa masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, wasu kuma ya ba majeman gargajiya su jeme da bagaruwa. Jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda ayarin raƙuma suka riƙa ƙetara Sahara da fatarta har Turawa suka zaci daga Maroko take, ita ce ta ciyar da gidanmu. A shekarar 2023 wani kamfani a Italiya, wanda kayan Baffa ke isa gare shi ta hannun 'yan tsakiya, ya aiko masa da takardar gayyata zuwa Lineapelle, baje kolin fata da ake yi a Milan sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba. Ni ne ɗan bokon gidan, don haka cike fom ɗin biza ya faɗo kaina.

Fom ɗin bizar Shengen ba shi da wani tsawo, kuma ƙasashe 27 ne a lokacin, har da Italiya, ke amfani da shi iri ɗaya. Guraben farko ba su ci mana lokaci ba, in ban da suna: yadda aka rubuta shi a fasfo daban, a BVN daban, a asusun banki daban, sai da muka je kotu aka yi takardar rantsuwa. Inda muka cije shi ne gurbin sana'a, da wanda ke biye da shi.

Na ce, "Baffa, sun ce a rubuta sunan wanda ya ɗauke ka aiki, da adireshinsa da lambar wayarsa."

Ya sauke tabaransa ya dube ni. "Wanda ya ɗauke ni aiki? Ɗan nan, ka san mutum nawa ke ci a ƙarƙashina kuwa?" Ya shiga lissafo su da yatsu: yaran sito, masu zuba gishiri, direba, dillalan da ke bi masa kasuwanni. "To, rubuta musu ni ne mai gida, ni ne yaron."

Haka kuwa na rubuta, sunan kasuwancinsa da adireshin sito da lambarsa. Amma rubutawar ba ita ce aikin ba. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani takardu uku yake ɗauka: wasiƙar da ta ce ma'aikacinsu ne, takardar albashi, da takardar hutu mai nuna ranar da zai koma bakin aiki. Wani ne ya tsaya masa. Mai sana'ar kansa kuwa babu wanda zai tsaya masa sai takardunsa, kuma dole ya fara da tabbatar da cewa kasuwancin nasa ma akwai shi. Ana son shaidar rajista ta hukumar CAC, da takardar shaidar biyan haraji, da bayanan asusun banki na watanni shida, da duk abin da zai nuna kaya na shiga suna fita.

Rajistar dai yana da ita. Ya yi ta tun lokacin da masana'antu suka daina biya da tsabar kuɗi. A akwatin ƙarfe muka same ta, cikin leda, tare da takardun gona da tsohon fasfon da ya yi aikin Hajji da shi. Sai da muka biya bashin rahoton shekara-shekara da ya taru kafin ta zama abin nunawa. Haraji kuma, Baffa ya rantse babu shekarar da bai biya ba, gaskiya kuma ya faɗa, sai dai rasit ɗin kuɗin kasuwa da na ƙaramar hukuma ba su ne takardar da ake nema ba. Wannan a hukumar haraji ta jiha ake karɓarta, kuma shekaru uku take dubawa baya.

Bayanan banki su ne suka hana ni barci. Asusun mai albashi kullum fasalinsa ɗaya, kuɗi su shigo ƙarshen wata, su riƙa raguwa a hankali. Na ɗan kasuwa kamar rafi yake, yau ya cika ya batse, gobe ka ga yashi. Shekarar kuma ta zo mana da nata. Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Baffa, kamar kowa, ya kwaso kuɗin da ke gida da na sito ya kai banki cikin 'yan kwanaki. A takarda sai ka ga miliyoyi sun faɗo asusun babu dalili, irin abin da mai duba takardun biza ya fi zargi, domin alama ce ta wanda ya aro kuɗi don ya nuna. Sannan Babbar Sallah ta kama 28 ga Yuni. Duk mai harkar fata ya san bayan layya ake yin cinikin shekara. Wanda bai zuba kuɗinsa a fata a makonnin nan ba ya yi asara. Ke nan a daidai lokacin da muke son asusu ya nuna ƙarfi, ƙarfin yana sito, an jera shi cikin gishiri. Muna cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, kayan da ya riga ya biya suka maƙale a Maraɗi.

A wannan tsakanin ne wani ejan ya zo sito, ban san wanda ya turo shi ba. Yana da ladabi, har ƙasa ya gaida Baffa. Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Mai sana'ar kansa ba sa ba shi. Zan samo maka wasiƙa cewa kai manaja ne a wani kamfani, mu zuba maka kuɗi a asusu na sati biyu, ka ba mu la'ada. Kowa haka yake yi."

Baffa ya bari har ya gama. Sannan ya ce, "Malam, na yi shekara talatin ina ciniki da mutanen Maraɗi, babu takarda ko ɗaya tsakaninmu, kuma ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya. Sai yanzu da furfura zan yi ta a rubuce, in sa hannu a ƙasa? Allah ya ba ka wani cinikin."

Na ji daɗin amsar nan har raina, kuma ko ta fuskar lissafi ita ce daidai. Takardar bogi dalili ce ta hana biza kai tsaye, bayanin kuma yana zama shekara biyar a rumbun da duk ƙasashen ke dubawa tare.

Abin da ya rage mana shi ne mu yi bayani. Baffa ya fito da littafinsa, mai bangon fata da ya yi baƙi saboda maiƙon hannu, duk a rubuce da ajami: wane ya karɓi kaza ranar kasuwar kaza, wane ya kawo fata ɗari biyu, saura kaza. Bayan sallar isha'i mukan zauna a zaure, shi yana karantowa, ni ina bin layukan takardar banki da biro, ina haɗa kowane babban kuɗi da cinikin da ya haife shi. Da ƙyar ya yarda. Cewa yake, "Sirrin mutane ne wannan, ɗan nan. Wanda nake bi bashi bai ce in kai sunansa Turai ba." Muka daidaita a kan a rubuta adadi da kwanan wata, a bar sunaye. Masana'antu biyu suka ba mu wasiƙa cewa ya daɗe yana kawo musu kaya, muka haɗa da takardun lodi da hotunan sito, na rubuta wasiƙar shafi ɗaya da ta bayyana canjin kuɗi da Sallah da rufe iyaka.

Ban ga laifin mai tambaya ba. Abin da yake son sani ɗaya ne, ko mutumin nan zai dawo. Abin da ya dame ni shi ne duk abubuwan da suka ɗaure Baffa a Kano babu gurbinsu: iyali da jikoki, marayun ɗan'uwansa da yake riƙo, da dukiyar da rabinta ke hannun mutane bisa amana. Fom ɗin ya san mai albashin da bai kai kuɗin gishirin Baffa ba, amma bai san Baffa ba. Kuma tambayar ba kyauta ba ce: yuro 80 ne kuɗin biza a lokacin, wanda ba a mayarwa ko an hana ka, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin yuro 30,000, duk a watannin da naira ta zube bayan an sake ta a Yuni.

Ranar miƙa takardu, na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi karɓar nasa. Gishiri da toka sun cinye layukan, yatsun sun yi sumul. Wata ma'aikaciya ta ba shi abin gogewa, ta danna masa hannun a hankali tana cewa, "Baba, ƙara haƙuri," har injin ya yarda.

Bizar ta fito, ta 'yan kwanakin da suka rufe baje kolin da tafiya da dawowa. Ya je, ya dawo da katunan kamfanoni cike da aljihu, da oda ɗaya da ya ƙulla ba tare da ɗan tsakiya ba. Ba a yi wata ba maƙwabcinsa a kasuwa, wanda ya fi shi jari, ya aiko a kira ni, shi ma yana son na Fabrairu. Na tambaye shi rajista, babu. Asusun banki kuma na babban ɗansa yake amfani da shi. Na ce masa Fabrairu ba za ta yiwu ba, mu fara da CAC da buɗe asusu da sunansa, mu nemi na Satumba. Ransa ya ɓaci, ya ce ejan ya yi masa alkawarin sati uku, ya kuwa tafi wurin ejan ɗin.