Rediyon da ke Kallon Sama

Har yau ina mamakin saurayin nan da ke tashi tun kafin assalatu, ya ɗebo ruwa a randa ya wanke gilashin akori-kurar kawunsa, sannan ya koma ɗaki ya fito da akwatin rediyo naɗe cikin tsohon gyalen gwaggo, yana tafiya sannu-sannu kada ya yi karo da turmi cikin duhu. Ni ne fa. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gemu bai gama haɗuwa ba, amma a raina duk Jangeru babu wanda ya kai ni kusa da duniya.

Akwatin ma ba nawa ba ne. Yayana da ke aiki a Legas ya zo da shi wata babbar salla ya bar wa Kawu tsaraba, Kawu kuwa ya juya shi gaba da baya, ya ga maɓallansa sun yi masa yawa, ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka yi boko, riƙe." Ƙirar Hitachi ne, an rubuta WorldSpace a jikinsa. Yana da eriya iri biyu: doguwar sandar da kowa ya sani, da wata faffaɗa mai ciruwa wadda ba ta son komai sai sararin sama. Yaya ya zaunar da ni a zaure ya yi mini karatunsa. Ya ce wani mutumin Habasha ne mai suna Noah Samara ya kafa kamfanin a Amurka, aka harba masa tauraron ɗan Adam mai suna AfriStar a watan Oktoban 1998, bayan shekara guda ya fara magana. Ya ce tauraron yana can tsaye wuri guda, nisan wajen kilomita 36,000, kuma daga ƙasarmu sai ka fuskanci tsakanin gabas da kudu ka ɗaga kai sosai. Daren nan na fita bayan gida na daɗe ina duba wajen. Taurarin Allah kawai na gani.

Batir ne ya sa rediyon ya shiga mota. Manyan batura huɗu yake ci, kuma bai san ƙoshi ba, sai Kawu ya ce tunda Fijo tana da nata batirin, a je a haɗa su zumunci. Muka kai wa wani mai gyaran rediyo a Ƙaura Namoda, can wajen tashar jirgi, a wata 'yar rumfa da ke cike da gawarwakin rikoda da ƙaurin dalma. Ina tuna yadda ya lashi bakin waya kafin ya ɗana ta, da yadda hayaƙin dalmar ke miƙewa siriri ya shige masa ido bai ko ƙifta ba. Ya jawo wuta daga ramin kunna sigari. Ya ɓalle maganaɗisun wata matacciyar lasifika ya ɗaure a gindin faffaɗar eriyar da robar tayar keke, don ta manne a rufin mota. Sannan ya buɗe wata batta ya fito da abin da ban taɓa gani ba, kaset marar zare, mai wutsiyar waya. Ya soka wutsiyar a jikin akwatin, ya tura kaset ɗin cikin rikodar mota, ya murɗa. Wani Bature ya yi magana daga ƙofar Fijo, tangaram, har ana jin sa'ad da yake haɗiye yawu. Mai gyara ya ja da baya ya ce, "La ilaha illallahu."

Mu da muka tashi da gajeren zango mun san murya sai an yi farautarta. Ka riƙe maɓalli da yatsa biyu, ka bi ta cikin shuuu da ƙiii, ta zo, ta tafi, ta dawo da wani yare a bayanta. Wannan kuwa ba ya shuuu. Ko dai ya ba ka magana garau, ko ya yi gum.

Da haka na san itatuwan hanya ɗaya bayan ɗaya. Daga Ƙaura in ka miƙe ta Moriki za ka Shinkafi, duk inda wata tsamiya ta miƙo hannu bisa kwalta, ko dalbejiya suka yi layi a bakin gari, sai maganar ta yanke tsakiyar kalma, mu shige inuwa shiru, mu fito rana ta ci gaba kamar ba a yi ba. Na iya rage gudu in labari ya yi daɗi don kada in kai ga itace kafin a gama. Na iya guje wa gefen tirela mai dogon bodi. Ramin hanya kuwa in ya yi zurfi sai in ji ƙwas a sama, eriya ta kife, in tsaya in taka taya in gyara mata zama, rufin mota na ƙona mini tafin hannu. Ban taɓa jin ƙyuya ba.

Ranar Alhamis ce babbar ranarmu, kasuwar Shinkafi. Bayan mota buhunan gero da albasa, da salka rataye tana ɗiga, gaba kuwa ni da Kawu da wani dattijo mai fataucin kanwa da ba ya rabuwa da burgaminsa. Warin fetur, da na goro, da na taba gari, da hocen da gwaggo ta ƙunso mana cikin ganye, duk suka haɗu suka zama warin gaban motar nan, wanda ko yau in na rufe ido ina jin sa. Ana cikin tafiya Bature na zuba labarin BBC, sai Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Mi yac ce, yaro?"

In yi gyaran murya in tattaro ɗan Turancin sakandare in fassara, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana zana ƙasashe a iska. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Allah shi kyauta," ko da labarin na ƙwallo ne. Ban san lokacin da na fi jin ni mutum ne kamar wannan lokacin ba. Manya biyu sun yi shiru suna jiran bakina.

Amma da ƙarfe shida da rabi na safe ta yi, babu sauran fassara. Kawu zai ce, "To, maido mu gida." In zare kaset marar zare, dattijon ya ɗora akwatin a cinya, ya zaro doguwar eriya ta taga, mu koma gajeren zango neman Sashen Hausa na BBC cikin shuuu ɗinsa da injin mota ke ƙara wa kuka. Nan ne musu ke tashi, nan ne ake dariya, nan ne dattijon ke amsa wa mai labarai kamar yana jin sa. In mun juyo da la'asar aljihu da nauyi, sai a nemi Kaduna, ko Kawu ya laluba aljihun mota ya fito da kaset na gaske, na Narambaɗa mutumin Tubali, ko na Kassu Zurmi in hanya ta bi da mu wajen Zurmi. Zaren ya tsufa, muryar na rawa, Kawu na kaɗa yatsa a jikin ƙofa idonsa a lumshe. Tauraron na can sama yana ta magana, ba mai jin sa a motarmu, kuma ban ji haushi ba ko sau ɗaya. Na samu rabona da safe.

Dare ne nawa ni kaɗai. In na sauke kaya a Ƙaura na juyo babu kowa, sai in mayar da wayoyin, in bar kiɗan wasu mutane da ban san garinsu ba ya cika motar, fitila na haska zomaye da garken shanu masu tsallaka titi, iskar fadama na shigowa da ƙanshin danyar ciyawa. Me nake tunani a lokacin? Ina jin dai ina lissafin garuruwan da zan je. Kaɗan daga cikinsu na je.

A watan Oktoban 2008 kamfanin ya kai kansa kotu a Amurka, bashi ya fi ƙarfinsa, daga baya tashoshin suka riƙa ɗaukewa. Faffaɗar eriyar ta koma cikin adudun gwaggo tare da kaset marar zare. Akwatin kuwa bai yi ritaya ba, don doguwar eriyarsa na nan, kuma wani ƙanena ya daɗe yana rataya shi a reshen gawo in yana noma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, dattijo mai kanwa ma haka, Allah ya jiƙansu da rahama.

Yaran yanzu da wayoyinsu sun fi ni jin duniya nesa ba kusa ba, amma babu uwar da za ta bar ɗanta ya kama hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi bayan isha'i yadda Kawu ke miƙo mini makulli yana hamma. Abin da nake roƙa musu ke nan in na ɗaga hannu. Allah ya maido mana da ranar da saurayi zai tuƙa mota shi kaɗai cikin dare a ƙasar nan, babu abin da yake fargaba a gaba sai tsamiyar da za ta yanke masa labari.