Inda Babu Mai Kaɗa Ƙararrawa

Allon sanarwar sashenmu na katako ne, an rufe fuskarsa da ragar waya don kada a yage takardu. A nan aka manna sakamakon zangonmu na farko a jami'a, a 2012. Ba a sa suna, sai lambar rajista, saboda haka sai da na bi layina da yatsa har sau uku, ko Allah zai sa idona ne ya zame zuwa layin wani. Nawa ne. B biyu, sauran C da D, sai F guda a lissafi. Na koma ɗaki na kwanta da takalmi a ƙafa, ban tashi ba sai da aka kira magariba.

Ni ne fa wanda bai taɓa wuce na uku a aji ba tun daga JS1 har SS3. Na ci WAEC a zama ɗaya a 2011, da A1 a lissafi, JAMB ma ba ta ba ni wahala ba. A unguwarmu da ni ake yi wa yara misali. Na shiga jami'a ina ganin abin da ya kawo ni shi zai fitar da ni, kuma babu wanda zai ce mini ba haka ba ne, don ni ne na farko a gidanmu da ya kai nan.

Sai yanzu nake ganin yawan hannuwan da suka tallafe ni a sakandare ban sani ba. Makarantar kwana na yi. Ƙararrawa ce ke tashin mu da asuba, ita ke kai mu aji, ita ke kora mu firef ɗin dare, firifet na zagayawa yana neman mai gyangyaɗi. Malami ya rubuta darasi a allo mu kwafa, ranar Juma'a ya karɓi littattafai ya duba wanda ya yi tsallake. In malamin kemistiri ya ga mun yi zuru, sai ya ajiye Turanci ya koma Hausa, ya kwatanta mana asid da alkali da tsamiya da kanwa har sai mun gane. Manhaja ɗaya muka shekara uku muna taunawa; wasu shafukan littafin kemistiri na Ababio har yau zan iya kawo su da ka. Ga kuma littafin tambayoyin baya, wanda duk ya bi na shekara goma a tsanake ya san ta inda mai tambaya zai ɓullo. Na yi ƙoƙari, ba na musu. Amma wasu ne suka tsara lokacin, su suka zaɓo abin karantawa, su suka tsaya a kaina. Nawa hadda ce, Allah kuma ya hore mini ita.

A jami'a babu ƙararrawa. Lakcar ƙarfe bakwai, in kana son kujera a gaba sai ka wuce daga masallaci kai tsaye. In ka makara ka tsaya ta taga, kana tsintar rabin abin da lasifika ke faɗi. In ba ka zo ba ma, babu mai cigiyarka. Malami zai shigo ya zube a sa'a biyu abin da a da muke wata guda a kansa, ya rubuta sunan littafi a gefen allo, ya fita. Kwasa-kwasai tara ko goma suna tafiya lokaci guda, kowanne da tes ɗinsa da aikin gida, ga rahoton ɗakin gwaje-gwaje. Tsakanin nan kai ne mai ɗebo ruwa, kai ne mai dafa garau-garau a risho, kai ne mai lissafin yadda kuɗin da aka aiko za su kai ƙarshen wata bayan an cire na fotokwafi.

Kada a ɗauka wasa na yi a shekarar farko. Karatu na yi, irin wanda na iya. Na tara handawut na jira, saura mako biyu jarrabawa na tare a aji da dare, abin da ɗalibai ke kira TDB, wato karatu har wayewar gari. Goro a baki, ƙafa a bokitin ruwa, na haddace ma'anoni da ƙa'idoji da misalan da malami ya warware. Da aka raba takardar lissafi, babu tambaya ko ɗaya da ta ce in kawo ma'ana. Cewa aka yi in nuna dalilin da ya sa ƙa'ida kaza ta tabbata, in yi aiki da ita a inda ban taɓa ganin an kai ta ba. Na san ƙa'idar kamar sunana, asalinta ne ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Tes ɗin tsakiyar zango kuwa, mai maki 30 cikin 100, na shige shi ba shiri ina cewa zan rama a jarrabawa.

Wani ɗan aji huɗu daga garinmu ne ya zaunar da ni a ƙarshen shekarar, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina, tana 2.6. Ya ɗauki biro ya ce, "Ƙanena, zo ka ga lissafin da ba a koyarwa a aji." A, wadda ke farawa daga 70, maki 5 ce; B 4, C 3, har zuwa F da ba ta da komai, amma nauyin kwas ɗinta yana nan cikin abin da za a raba da shi. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu ta sama daga 3.50. Ya ce, "Shekara huɗu za ka yi. Ko A ka ci a kowane kwas daga yau har ka fita, 4.4 ce iyakarka. Ta ɗaya ta wuce ka. In kana son ta biyu ta sama, sai ka riƙe 3.8 shekara uku a jere." Na ce, "Yaya, ba a yafe shekarar farko?" Ya girgiza kai. A sakandare jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe take yanke hukunci. A nan, makin da yaro ya samu tun bai san hanyar laburare ba yana bin sa har takardar neman aiki. Har gobe ina ganin wannan ne ya kamata a fara faɗa wa sabon ɗalibi, kafin a nuna masa inda ake biyan kuɗi.

A 2013 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga Yuli har Disamba, muka dawo gida. Mahaifina tela ne, bai yi boko ba, amma ya haddace Alƙur'ani a tsangaya. Wata rana bayan la'asar ina shagonsa na gaya masa komai, har F ɗin da na ɓoye masa fiye da shekara. Bai ɗaga kai daga keke ba ya ce, "Sau nawa kake tishe?" Na ce, "Baba, ai mu ba ma tishe, sai jarrabawa ta zo." Sai ya tsayar da keken. Ya ce almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam, kuma kullum sai ya koma ya maimaita na baya. Wanda ya saki na baya yana bin na gaba, ranar da aka ce ya kawo zai tarar da wayam. Ya ce hadda ma matakin farko ce, shi ya sa wanda ya sauke yake komawa zaure ya durƙusa da littafi ana fassara masa kalma-kalma. "Kai ka tsaya a allo, su kuma tambayar zaure suke yi maka."

Sauran watannin yajin na yi su da littafin lissafi na Stroud da na kemistirin Morrison da Boyd. Bayan asuba, sa'a biyu, littafi a rufe: in warware, in buɗe in duba, in na kuskure in sake. A da shafi ashirin nake bi a dare ɗaya. Yanzu sai in wuni a kan tambaya uku. Da aka koma na sa wa kaina doka: lakcar yau ba ta kwana ban bi ta ba, Asabar kuma ta tishe ce. Kowace sa'a ta aji tana cin mini kusan biyu ni kaɗai. Na koyi ƙwanƙwasa ofis in ce, "Malam, nan ne ban gane ba," abin da girman kai ya hana ni a baya.

A wannan, abokin ɗakina ya riga ni nisa. Shi a sakandare tsakiyar aji yake, sai a zama na biyu ya haɗa kiredit biyar, da NECO ya cike lissafi. Ya saba da rashin ganewa tun yana yaro, ba ya jin kunyarsa, ya san abin yi idan karatu ya ƙi shiga. Mu huɗu muke zama a gindin wata darbejiya, kowa ya koyar da sauran babi guda, a nan na gano cewa duk abin da na kasa bayyanawa da Hausa, da Turancin ma ban gane shi ba. Shi ya fita da 4.1. Ni na fita da 3.56, kuma babu A1 ɗin da ta taɓa cin gumina kamar wannan 'yar rarar.

Bara ƙanwata ta samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta. Daren da za ta tafi, tana haɗa akwati, Baba na kan tabarma yana jan carbi, na kira ta na yi mata lissafin nan a takarda tun daga A har F, na kuma miƙa mata tsohon Stroud ɗina. Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ninke ta gida huɗu ta cusa a cikin littafin, ta ɗora shi a saman kaya, ta ce, "Yaya, ƙarfe nawa motar farko take tashi daga tasha?"