Shekarar 1809 a Gidanmu

Ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare a Garwa malamin tarihinmu ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya zaɓi shekara ɗaya, ya rubuto abin da ya faru a duniya a cikinta, da manyan mutanen da aka haifa ko suka mutu. Ban yi wata-wata ba na zaɓi 1809, domin ita ce shekarar da littafinmu ya ce Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun ina yaro nake jin Baba yana cewa albarkacin tutar nan ce kakanninmu fatake suka baro ƙasar Kano, suka biyo hanya da tufafi da kanwa har suka zauna a Fombina.

Kwana uku na yi a ɗakin karatu kafin a ba mu hutu, na cika rabin littafin rubutu. Ashe shekarar ta yaƙi ce gabas da yamma. A Turai, Napoliyon na Faransa ya kama birnin Vienna, sannan ya gwabza da Ostiriya a Wagram ranakun 5 da 6 ga Yuli, inda sojojin ɓangarorin biyu suka kusa dubu 300. A ƙasar Hausa kuwa, shekara guda ke nan da faɗuwar Alƙalawa, kuma a lokacin ne Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato. Abin da ya fi burge ni shi ne jariran shekarar. Ranar 12 ga Fabrairu aka haifi Abraham Lincoln a wata bukkar katako a Kentucky ta Amurka, a ranar kuma aka haifi Charles Darwin a Ingila. Kafin su, ranar 4 ga Janairu, an haifi Louis Braille a wani ƙauyen Faransa. Ubansa baduku ne mai ɗinka kayan doki, kuma a rumfarsa yaron ya soke idonsa da basilla, ya makance, daga baya ya ƙirƙiro rubutun da makafi ke karantawa da yatsa.

Da wannan guzuri na hau mota, muka bi ta Guider muka isa gida Mayo-Oulo. Bayan sallar isha na shimfiɗa tabarma na karanta wa Baba, ina fassara masa daga Faransanci. Da na zo kan Modibbo Adama sai ya gyara zama, ya riƙa ƙara mini abin da babu a takarda: yadda Modibbo ya yi karatu a Borno, yadda ya fara zama a Gurin kafin ya kafa Yola a 1841, da yadda ƙasa guda ta ɗauki sunansa har yau a Najeriya da Kamaru. Ya ce, "Ka ga mutum ɗaya da ilimi da tuta. Ka riƙe wannan."

Kakata ta wajen uwa tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ban zaci tana saurare ba. Sai ta ce, "To maigida, mu fa? A shekarar nan taka muna ina?"

Na yi dariya na ce, "Kaka, ai ba a haife ki ba."

Ta ce, "Na sani. Iyayen iyayena nake tambaya."

Kaka Bafaliya ce, a kan duwatsun Peske-Bori aka haife ta. Ta musulunta tana budurwa, ta sauko gari ta yi aure. Duk mun san haka, amma ba maganar da ake yi ba ce a gidanmu. Ni kaina, in faɗi gaskiya, idan abokai suka tambayi asalina a makaranta Kano kawai nake ambata. Na sha jin ana kiran mutanen dutse da sunayen da ba na son a jingina mini.

A daren nan ta ba mu nata tarihin. Ba ta da lambar shekara, "zamanin dawaki" take cewa. Ta ce kakarta ta faɗa mata cewa a da suna noma har a kwari, gab da ruwa. Da mahaya suka fara zuwa sai suka tattara suka haye sama inda doki ba ya iya hawa. Suka jera duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa, suka gina rumbuna a tsakanin manyan duwatsu, suka sa samari gadi a kan tsauni don su yi kururuwa in sun hango ƙura. Wahalar ita ce ruwa. Da rani sai mata sun sauko rafi, a nan ake yi musu kwanto. Ta ce akwai wata yarinya a zuriyarsu da ta sauka da tulu ba ta dawo ba, aka tarar da tulun a fashe. Uwar yarinyar har ta mutu ba ta sake shan ruwan rafin nan ba.

Baba ya yi shiru. Can ya ce, "Iya, an yi haka. Allah Ya yafe wa kowa." Ban taɓa jin ya yi magana a kan wannan ba kafin ranar.

Na kwana ina juya abin a raina. Na rubuta sunan Lincoln da alfahari saboda shelar 'yanta bayi da ya yi a 1863, alhali a tsakar gidanmu akwai matar da aka sace wa danginta 'ya, ban taɓa tambayarta ba. Wataƙila ma fataken da nake tinƙaho da su sun wuce ta kasuwar da aka sayar da yarinyar. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi: jinin mai fatauci da jinin wadda aka kama duk suna jikina.

Daga baya, da na ƙara karatu, na gane cewa kukan Kaka ba sabo ba ne, har a cikin shugabannin jihadin akwai wanda ya damu. Malam Abdullahi, ƙanin Shehu, ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga wasu sun karkata ga neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Wannan ya kwantar mini da hankali. Na fahimci cewa ina iya girmama ilimi da addinin da tutar ta kawo mana, in kuma faɗi abin da wasu mahaya suka aikata a ƙarƙashinta, ba tare da na ci amanar kowa ba.

Da na koma makaranta na miƙa aikina da ƙarin shafi ɗaya. A jerin mutanen shekarar, ƙarƙashin Braille da Darwin da Lincoln, na rubuta: "Wata yarinya daga Peske-Bori, ba a san sunanta ba." Malam ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe cewa ina hujjar shekara. Gaskiyarsa, ba ni da ita. Ya rage mini maki biyu, amma bayan an tashi ya kira ni ya ce in je in rubuta duk abin da tsohuwar ta sani kafin ƙasa ta rufe mata ido.

Na yi sakaci. Shafi shida kawai na samu kafin Allah Ya karɓi abarSa. Su ne nake karanta wa 'ya'yana duk lokacin da muka je gida hutu, a kan tabarmar da ke fuskantar duwatsun. Idan aka tambaye su asalinsu yanzu, sukan ce Kano da Peske-Bori. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan duk musulmin da suka riga mu.